Yabon da Ya Kayar da Darryl Vella

Shekara ashirin da shida Glenys Vella ta yi tana fitar da jaridar Muryar Bindaroo duk ranar Laraba. Ita ce edita, ita ce mai ɗauko labari, ita ce mai hoto. Ofishinta ɗaki ɗaya ne tsakanin shagon mahauci da mashaya, don haka ba ta taɓa rasa abin rubutawa ba. Abin da bai shigo ta bangon dama ba zai shigo ta na hagu.

A shekarar da ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinsu ya ajiye aiki aka sa zaɓen cike gurbi, sai ga labari ya biyo ta har cikin gida. Ƙanenta Darryl, autansu, manomin mangwaro mai shekara hamsin da biyar, ya ce zai tsaya takara. Kuma ba a ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu ba, a wata sabuwa ce mai suna Gida Namu, wadda ba ta da aiki sai zagin mutanen birni, da baƙi, da 'yan jarida.

Glenys ta san abin da ya kai shi. Banki ya rufe reshensa na Bindaroo, aka bar su da injin cirar kuɗi guda ɗaya mai yawan ciwo. Sannan aka rufe ɗakin haihuwa na asibitin garin. 'Yar Darryl ta haihu a cikin mota, a gefen gonar rake, saura kilomita arba'in su kai babban asibiti. Tun daga ranar Darryl yake neman wanda zai yi wa ihu, kuma Gida Namu ce kaɗai ta miƙa masa lasifika.

Duk Lahadi a gidanta yake cin abincin rana, farfesun zomo irin wanda kakarsu ta zo da shi daga ƙasar Malta. Takara ba ta hana shi zuwa ba.

"Ku 'yan jarida duk maƙaryata ne," in ji shi, yana tsoma burodi a romo.

"Har da mai zomon?"

"Ke daban ce, Yaya. Ke ba 'yar jarida ba ce, ke mai buga sakamakon gasar kabewa ce."

"To ajiye cokalin, Auta. Je ka Gida Namu ta dafa maka."

Ya yi dariya, ya miƙo kwano a ƙara masa.

Taronsa na farko a filin baje kolin shanu aka shirya shi, ranar Asabar. Ya sa an rubuta a babban allo a bakin ƙofa cewa ba a yarda ɗan jarida ya shiga ba. Amma ranar Alhamis da safe sai ga wayarsa.

"Yaya, kin dai gaya wa 'yan jaridar birnin Brisbane ko?"

"Na gaya musu me?"

"Cewa na hana 'yan jarida shiga."

"Ka hana su, kuma kana so in kira su?"

"To in ba su zo ba wa zan kora?"

Glenys ta ajiye waya tana girgiza kai. Ba ta kira kowa ba, kuma babu buƙata, don ofishin jam'iyya ya riga ya aika wa kowace tashar talabijin sanarwar hanin.

Ranar Asabar wata farar motar tashar talabijin ta iso da mutum biyu: mai kyamara, da wata matashiya mai suna Tamsin Oakley, wadda ake ganin fuskarta a labaran ƙarfe shida. Ta sa hular manoma sabuwa fil, har alamar shago ba a cire ba. Glenys na tsaye kusa da rumfar masu sayar da shayi ta ga Tamsin ta ratsa ta bayan dandamali ta sami Darryl. Ta matsa kaɗan ta kasa kunne.

"Ranka ya daɗe, in da hali a kore mu kafin ƙarfe huɗu," in ji Tamsin. "In an wuce haka ba za mu samu shiga labaran shida ba."

"Uku da rabi ya yi miki?"

"Ya yi daidai. Amma don Allah ta ƙofar yamma, can haske ya fi kyau."

Haka kuwa aka yi. Ƙarfe uku da rabi Darryl ya tsaya tsakiyar jawabinsa, ya nuna su da yatsa, ya ce ga su can, maƙaryatan birni, sun zo su mayar da mu abin dariya. Mutum ɗari uku suka juya suna ihu. Wasu ƙarti biyu suka raka su ƙofar yamma, mai kyamara yana tafiya da baya yana ɗauka, Tamsin na riƙe da hularta tana cewa jama'a na da haƙƙin su sani. Glenys kuwa tana zaune a layi na biyu da littafinta a buɗe, babu wanda ya ko kalle ta.

Bayan an aika hoton, Tamsin ta zo ofishin Glenys neman banɗaki da ruwan sanyi, fuskarta kamar wadda aka yi wa kyauta.

"Anti, ƙanenki ɗan baiwa ne. Shekara uku ina wannan aiki ba a taɓa sa ni labarin farko ba sai yau."

"Kin tambaye shi maganar ɗakin haihuwa?"

"Wane ɗakin haihuwa?"

Glenys ta miƙa mata kofin ruwa.

Da yamma ta kalli labaran. Minti biyu da rabi aka ba Bindaroo. An nuna yatsan Darryl sau uku, an nuna wani tsoho marar haƙora yana ihu, an kawo wani malamin jami'a ya yi bayanin fushin mutanen karkara daga ofishinsa. Daga jawabin minti arba'in, jimla ɗaya aka ɗauka, inda Darryl yake cewa baƙi sun cinye ayyukan 'ya'yanmu, lokaci ya yi da za su koma inda suka fito. Washegari mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suka fara aiko wa jam'iyya saƙon goyon baya, tashar kuma ta sake nuna hoton har kwana uku. Kowa ya samu abin da yake so.

Wannan jimlar ce ta dami Glenys. Ta san gonar Darryl kamar tafin hannunta, don a can aka haife su. Ta san shekara tara ke nan mutum goma sha huɗu daga tsibiran Vanuatu suke zuwa duk kaka su tsinke masa mangwaro, kuma da ba don su ba da tuni ya sayar da gonar.

Ranar Litinin, da ta tabbata Darryl ya tafi rabon takardu a wani gari, ta tuƙa motarta zuwa gonar. Ta tarar da su a rumfar tantance mangwaro suna hutun shayi. Shugabansu, Wilfred Tabi, dogon mutum mai furfura a gemu, dattijon coci ne a ƙauyensu. Ya jawo mata akwati ta zauna.

"Mama Glenys, kin zo ki kore mu ne ke ma?" Sauran suka fashe da dariya.

"Kun ga labaran ke nan."

"Gani kuma? Ai mu muka koya masa jawabin. A nan yake tsayawa, kan wannan akwatin, ya karanta mana. Mu muke gaya masa inda zai dakata a tafa. Da farko gudu yake yi kamar ana binsa."

"Har wurin da ya ce ku koma gida?"

"Wannan bai karanta mana ba," in ji Wilfred. "A talabijin muka ji."

Ya juya kofinsa. Ya ce shi ya san Maigida, ya san ba daga cikinsa maganar ta fito ba, wani ne a ofishin jam'iyya ya rubuta masa. Amma jiya da suka je kanti, wata mata ta tare ɗaya daga cikinsu a wurin biya ta ce masa ya koma inda ya fito. Shekara tara ba a taɓa gaya musu haka a Bindaroo ba.

"Ita ba ta san wasa Maigida yake yi ba," in ji shi.

Glenys ta fito da littafinta. Ta ce tana so ta rubuta abin da ke tsakaninsu da Darryl, amma sai in sun yarda, don ba ta so ta jawo musu matsala da aikinsu. Suka yi magana a tsakaninsu da yarensu, aka yi ta musu da dariya. Daga ƙarshe Wilfred ya ce ta rubuta, da sharaɗin kada ta ƙara komai, kada kuma ta rage.

Nan ta ji abin da ita kanta ba ta sani ba. Shekarar da guguwa ta kwashe rufin gidajen tsibirinsu, Darryl ya ce wa kowa a Bindaroo ya tafi kamun kifi. Ashe jirgi ya hau da akwatin kayan aiki, ya yi mako uku yana kafa kwano a ƙauyen Wilfred, yana kwana a aji ɗaya na makaranta. Wilfred ya nuna mata hoto a wayarsa: Darryl a kan rufi, ba riga, rana ta mayar da shi ja kamar tumatir. Ya nuna mata wani hoton, na jikansa ɗan shekara huɗu.

"Sunansa Darryl. Shi ma haka yake, baki ba ya hutawa."

Ranar Laraba jarida ta fito da hoton rufin a shafin farko. Ba ta zagi kowa ba. Ta ba da labarin guguwar, da na jikan, da na wani ma'aikaci da maciji ya sara Darryl ya ɗauke shi a kafaɗa har mota. A ƙarshe ta sa jimlar da ya faɗa a taro, da abin da ya faru a kanti, ba tare da ta ce komai a kai ba. Kafin azahar jarida ta ƙare, har mahauci ya zo yana neman ko akwai saura a ƙarƙashin tebur.

Ƙarfe ɗaya a-kori-kurar Darryl ta tsaya a ƙofar ofis da ƙarar birki. Ya shigo da jaridar a dunƙule a hannu.

"Yaya, kin kashe ni!"

"Akwai ƙarya a ciki?"

"Ba maganar ƙarya ake ba! Tun safe mutanen jam'iyya ke kira. Sun ce ko in ƙaryata ko su san abin yi da ni. Wani ya rubuta a shafina na intanet wai ni ɗan leƙen asirin Majalisar Ɗinkin Duniya ne!"

"To ka ƙaryata mana. Ka ce ba kai ba ne a kan rufin."

"Da wannan tumbin? Kowa ya san nawa ne."

Ya zube a kujerar baƙi, ya share zufa da hularsa. Sai ya sassauta murya kamar lokacin da yake yaro yana roƙon ta ara masa keke.

"Don Allah mako mai zuwa ki zage ni. Ki ce ni mai wariya ne, ki ce ni jahili ne, kamar yadda na Brisbane suke yi. Shafi ɗaya kawai. Zai gyara komai."

"Ba zan zage ka a jarida ba, Auta. In zagi kake so ka zo ranar Lahadi."

"Wace irin 'yar jarida ce ke?"

"Mai gasar kabewa."

Ya kusa yin dariya, ya danne. Glenys ta juyo da kujerarta ta fuskance shi. Ta tambaye shi ko ya karanta har ƙarshe, wurin maganar kanti. Ya ce ya karanta. Ta tambaye shi ko ya je rumfa tun da safe. Ya ce bai je ba, ta bayan gida ya fito da mota.

"Kunyar Wilfred kake ji."

"Ba kunya ba ce. Sauri nake."

"Auta."

Ya dubi takalminsa. Ya ce shi fa ɗakin haihuwa ya kai shi wannan harka. Sau huɗu ya rubuta wa tashoshin birni a kan maganar, ko amsa bai samu ba. Ranar da ya ce a kori baƙi kuwa, har daga birnin Sydney aka kira shi. Ya ce to ya zai yi, in ba ka faɗi abin da suke so ba, ba ka nan.

"Na sani," in ji Glenys. "Amma ba kai aka tare a kanti ba."

Ya tashi ya fita. Ta leƙa ta taga ta ga motar ta juya ta ɗauki hanyar gona.

Taro na biyu a zauren gari aka yi, saura mako ɗaya zaɓe. Wannan karon babu allo a ƙofa. Tamsin ta dawo, don editanta ya ga shafin Glenys ya ce akwai labari: ɗan takarar da ke cin baƙi da baki yana cin guminsu a gona. Ta tsaya gefe da kyamara a shirye, tana ta duba agogo.

Darryl bai daɗe da fara magana ba wani mai gyaran tarakta, Col Brandt, ya miƙe daga baya da jaridar a hannu.

"Darryl, gaya mana gaskiya. Kai da su kake ko da mu?"

Glenys ta ga ƙanenta ya dubi takardar da aka rubuto masa, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun baya.

"Col, bara na sa talla a jaridar Yaya ina neman masu tsinkar mangwaro, mako shida a jere. Mutum biyu suka zo. Ɗaya ɗanka ne, kuma kafin azahar ya ce bayansa na ciwo."

Dariya ta ɓarke, har matar Col ta rufe fuska da jaka. Darryl ya ɗaga hannu.

"Ba laifinsa ba ne, aikin da wuya, kuma yaron ya samu wanda ya fi shi a wurin haƙar ma'adinai. Amma Wilfred da mutanensa ba su ƙwace aikin kowa ba. Ba su suka rufe banki ba, ba su suka rufe ɗakin haihuwa ba. Abin da na faɗa rannan ban kyauta ba, na je na gaya musu, yanzu kuma ina gaya muku. Wanda ya sake tare ɗayansu a kanti, ni ya tare."

Wasu suka tafa. Wasu kamar ashirin suka tashi suka fita, ɗaya ya ce an sayi Darryl. Darryl ya jira ƙofa ta rufu, sannan ya shiga maganar asibiti. Ya ba da labarin jikarsa da aka haifa a gefen gonar rake, yadda surukinsa ya ɗaure cibiya da igiyar takalmi yana bin umarnin wata mata a waya. Ya yi minti ashirin a kai, ba takarda, kuma babu wanda ya yi tari.

Da aka tashi Tamsin ta sami Glenys a bakin ƙofa, ranta a jagule.

"Anti, me zan aika? Bai kore mu ba, bai zagi kowa ba."

"Ki aika maganar igiyar takalmi."

"Edita zai ce ba labari ba ne."

"Gwada shi dai."

Ta gwada. An ba ta daƙiƙa arba'in, can ƙarshe, dab da labarin yanayi. Washegari jam'iyyar Gida Namu ta fitar da sanarwa cewa ba ta tare da Darryl Vella, ko da yake an riga an buga takardun zaɓe da sunansa a ƙarƙashin tutarta. Wannan sanarwar kuwa ta samu minti biyu cur, da malamin jami'a.

Darryl ya zo na uku a cikin 'yan takara biyar. A akwatin Bindaroo kaɗai ya zo na ɗaya, da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya, kuma har yau in ana hira yakan fara da wannan ya manta da sauran. Matar da ta ci zaɓen, ganin yadda garin ya juya, ta matsa har aka turo ungozoma mai zuwa kwana biyu a mako. Ɗakin haihuwa dai yana nan a rufe, Glenys kuma tana rubuta maganarsa duk wata.

A ƙarshen Janairu aka gama tsinka. Darryl ya ɗauko bas ta haya don kai ma'aikata filin jirgi, Glenys ta ce za ta raka su. An cika bayan bas da kaya: tukwane, fitilu masu aiki da rana, keken yara, da wani injin yankan katako da Wilfred ya yi wata biyu yana zawarcinsa a shago. Suna fita gari suka fara waƙar coci da murya huɗu, Darryl na tuƙi yana bi da muryarsa mai kama da ta jaki.

Wilfred ya matso kujerar gaba ya dafa kafaɗarsa.

"Maigida, a ƙauyenmu za a zaɓi shugaban kwamitin ruwa a watan Afrilu. Mun yi shawara, in kana so ka zo ka tsaya."

"Da gaske?"

"Da gaske. Muna neman wanda zai zo na uku."

Bas ta kaure da dariya har direba ya kusa barin hanya. Glenys ta riƙe ƙarfen kujera ta ce masa ya dubi gabansa, akwai motar rake tana tahowa.